Ƙarar da Aka Ɗora wa Haƙoran Yaya Tela

Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama. Labarin yau ya ɗan sosa min rai, don haka in kun ji ina faɗa a tsakiyarsa, ku yi min uzuri.

Akwai wata tela, mace mai shekara hamsin da 'yan kai, mai shago ƙofa ɗaya a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Keken ɗinkinta irin na da ne, wanda ake takawa da ƙafa. An sha ba ta shawara ta sayi na lantarki, ta ce ita ba za ta zauna jiran wuta da kayan mutane a hannu ba. Kowa Yaya Tela yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Bayan ɗinki, abin da ta fi so a duniya shi ne waƙa. Shekara goma sha tara tana cikin wata ƙungiyar mata su goma sha biyu, masu rera waƙoƙin faɗakarwa a makarantu da asibitoci da gidan rediyo. Ita ce mai muryar ƙasa, mai kauri. Ba ita ake fara ji ba, amma duk ranar da ba ta zo ba, sai ka ji waƙar ta zama salam, kamar miyar da aka manta gishiri.

To, akwai wani abu da take ɓoyewa. Shekara shida da suka wuce babur ya buge ta, haƙoranta huɗu na gaba suka zube. Ta yi wata biyu tana jinya a gidan ƙanwarta, likita ya yi mata na roba, ta dawo. Matan ƙungiya sun san hatsarin, amma ba su san zancen haƙoran ba. Daga ita, sai mijinta, sai ƙanwar, sai likitan.

Wata rana wata mai shirya shirin yara a rediyo ta zo wa ƙungiyar da aiki. Tana son muryoyinsu a ƙarƙashin waƙoƙin shirinta, mako arba'in a jere. Matsalar ita ce, wa zai iya tara mata goma sha biyu kowane mako? Wannan tana asibiti, waccan tana aji, wata tana kasuwa.

Nan ne Injiniya ya shigo labarin.

Injiniya matashi ne mai situdiyon naɗar sauti a saman wani bene. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aiki. Sai dai kansa ya fi situdiyon girma. Maganarsa kullum ita ce, "Kunnena ba ya ƙarya." In ka yi masa gyara, sai ya dube ka sama da ƙasa, kamar ka taka masa sabon takalmi.

Ya ce musu abu ne mai sauƙi. Za su zo sau ɗaya tak. Za su rera "aaa" a kowane matakin murya, tun daga can ƙasa har can sama, ya naɗa. Daga nan zai yayyanka, ya ajiye kowane mataki a ƙarƙashin maɓalli ɗaya na piyanonsa da ke haɗe da kwamfuta. Duk maɓallin da ya danna, mata goma sha biyu za su buɗe baki. Da haka zai haɗa kowace waƙa, su kuwa suna gidajensu.

Uwar Ƙungiya ta riƙe haɓa. "Wato ɗana, cusa mu za ka yi cikin akwati?"

"Muryarku dai, Mama. Ku ba za ku shiga ba."

Aka yi dariya, aka sa rana.

Ranar naɗin, Injiniya ya nuna musu shi ba ya wasa. Ya sa kowa ta cire awarwaro da 'yan kunne masu lilo. Ya fitar da kujeru don kada su yi ƙara. Ya kashe fanka, ya toshe ƙasan ƙofa da tawul. Mata suka yi ta haɗa gumi suna "aaa", kowane mataki iya tsawon numfashi ɗaya.

Kafin a fara, Yaya Tela ta ja shi gefe, ta yi ƙasa da murya.

"Ƙanina, tunda na ga kana cire duk abin da zai yi ƙara, bari in tambaye ka. Haƙorana na gaba na roba ne. Ba wanda ya sani a nan. Ba za su ɓata maka aiki ba ko?"

Ya ce, "Haba Yaya, ba komai. Je ki tsaya."

Ta gode masa, ta koma layinta hankali kwance.

Bayan kwana biyar ya kira su duka. Mai Shiri ma tana nan, fuska ba walwala. Ya danna wani maɓalli na can ƙasa, ya riƙe. Muryoyin suka cika ɗakin, gwanin daɗi, har tsikar jiki na tashi. Can sai aka ji "ƙas". Ƙaramar ƙara ce, kamar an karya tsinken ashana. Jim kaɗan, "ƙas" kuma.

Mai Shiri ta ce, "Ka ji ko? Wannan ba zai shiga rediyo ba. Yara sun fi mu kunne."

Injiniya ya miƙe, ya sa hannu a aljihu. "Ni na san aikina. Awarwaro na cire, kujera na fitar, fanka na kashe. Ba abin da ya rage a ɗakin nan mai yin ƙara sai baki. Kuma a muryar ƙasa abin yake fitowa." Ya juya ya kalli Yaya Tela. "Yaya, ke da bakinki kika ce min haƙoranki na roba ne. Su ne suke kaɗawa."

Kai jama'a! Wallahi ko ni da nake rubuta muku, sai da na ajiye wayar na yi tsaki.

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu idonsu ya kai bakinta kafin su ankara su kawar. Yaya Tela ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar titi. Hannunta ya tashi da kansa ya rufe bakinta.

Uwar Ƙungiya ta ce, "Ɗana, wannan magana ai ba a nan ya kamata ka yi ta ba."

"Mama, aiki ake yi, ba zumunci ba. A sake naɗi jibi, amma ban da ita."

Ba wadda ta tsaya mata. Ba don ba sa sonta ba. Aikin babba ne, kuma wa zai yi musu da mai kwamfuta? Yaya Tela ta ɗauki jakarta ta sauka daga benen, ba ta yi sallama da kowa ba.

Kamar hakan bai isa ba, da yamma ya tura sautin a zauren ƙungiyar na waya, rabin minti cur, ya rubuta a ƙasa: "Ga hujja, don kada a ce na yi son kai."

Kwana takwas Yaya Tela ba ta buɗe saƙon nan ba. Kwana takwas kuma ba ta yi waƙa ba. Matar da ko zare za ta zura a allura sai ta yi ɗan amshi, ta koma ɗinki shiru. In mai kaya ta zo, sai ta yi mata magana kai a sunkuye. Ko dariya ta taso mata, sai ta danne da gefen mayafi.

Mijinta tsohon direba ne da ya ajiye tuƙi. Kullum da hantsi yakan zo ya zauna a benci a ƙofar shagon, ya ce iska yake sha, alhali waƙarta yake zuwa ji. A rana ta takwas ya kasa haƙuri.

"Maman yara, shagon nan ya zama kamar ɗakin jiran likita. Ni fa ban saba ba."

"To me zan rera? In buɗe baki a ji ƙas?"

"Shekara shida ina zaune kusa da bakin nan, ban taɓa jin ƙas ba. Ƙorafi dai ina ji, safe da yamma."

Ta harare shi, amma ta kusa yin murmushi.

Ya ce, "Ke kin ma saurari abin da kyau kuwa? In mota ta yi ƙara, ba a yarda da maganar bakanike sai an kasa kunne da kai."

Maganar ta tsaya mata a rai. Da ya tafi, ta jingina wayar da gwangwanin maɓallai, ta kunna sautin, ta ci gaba da taka kekenta. Muryoyin suka taso. Ta ji tata a ƙasa, idonta ya ciko. Sai "ƙas". Ta cije, ta ci gaba da takawa. "Ƙas."

Ta sake kunnawa. A karo na uku ta lura ƙafarta na ƙirgawa da kanta. Taku ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ƙas. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ƙas. Ba ya wuce biyar, ba ya kasa biyar.

Ta tsayar da keken. Ta ce a ranta, wane irin haƙori ne wannan mai agogo a ciki?

Washegari da mijin ya zo, ta miƙa masa wayarta. "Baban yara, duba min agogo. Zan ja numfashi ɗaya in rera, ka faɗa min iya inda na kai."

Ta cika ƙirji, ta ja "aaa" har jijiyar wuyanta ta fito.

"Sakan goma sha ɗaya."

Ta sake. Goma sha biyu. Ta sake. Goma, har da tari.

"To saurari wannan." Ta kunna masa saƙon Injiniya. Sakan talatin, ba inda aka tsaya, ba inda aka ja numfashi.

Ta ce, "Duk cikinmu ba mai huhun da zai kai nan. Wa ya rera sauran?"

Mijin ya sosa ƙeya. "Aljanun kwamfuta."

"Ba aljani ba ne. Ƙari aka yi. In yadi ya gaza, ai ƙari muke yi masa."

Ta san ta kama bakin zaren, amma ba ta gane sauran ba. Ranar nan ta wuni tana juya abin. Har ta ɗinke wa wata riga hannu a baibai, sai da ta farke.

Amsar kuwa a ƙarƙashin ƙafarta take. Keken ɗinki irin nata yana da igiyar fata da ke zagaye ƙafafunsa biyu masu juyawa, babba a ƙasa, ƙarama a sama, teloli suna ce mata bel. Asalinta doguwar igiya ce, ake lanƙwaso ta a haɗa bakin da bakin da 'yar ƙugiyar waya. Da la'asar tana cikin ɗinki, bel ɗin ya tsinke. Ta yanke inda ya lalace, ta haɗa da sauri don mai kaya na jira. Da ta taka, sai ta ji "ƙas". Ta sake takawa, "ƙas". Duk sanda mahaɗin ya zagayo ya hau ƙaramar ƙafar, sai ya yi ƙara.

Yaya Tela ta tsayar da keken, ta ƙura wa mahaɗin ido. Mai kaya ta ce, "Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Yau na kama ɓarawona."

Ta gane. Injiniya ya ɗauki guntun muryarsu ne ya lanƙwasa shi kamar bel, wutsiya ta dawo ta haɗu da kai, yana ta zagayawa muddin an riƙe maɓalli. Ƙarar ba daga bakin kowa take ba. Mahaɗinsa ne bai zauna ba.

Da safe ta rufe shago ta hau benen. Ya leƙo ta ƙofa, abin jin sauti rataye a wuya.

"Yaya, ina aiki."

"Minti biyu kawai, ƙanina."

"Ba ni da shi." Ya mayar da ƙofa.

Ta sauko. Washegari ta koma. Wannan karon ya bari ta shiga, ya saurare ta yana danna waya. Da ta kai zancen bel, sai ya fashe da dariya har da buga tebur.

"Yaya, don Allah! Shekara bakwai ina wannan sana'a. Yanzu keken ɗinki ne zai koya min haɗa sauti? Ki tsaya ga allurarki, in tsaya ga kwamfutata. Na san abin da ciwo, amma ki karɓi gaskiya."

Ta dube shi ta ce, "Gaskiyar nake nema, shi ya sa na hawo benen nan da ciwon gwiwa. Zan dawo."

A gida mijin ya ce ko ya je ya same shi da kansa. Ta ce a'a. "A gaban mata goma sha ɗaya ya ɗora min. A gabansu zai sauke."

Ba a yi kwana biyu ba Uwar Ƙungiya ta zo shagon, ta zauna a benci tana fifita da gefen mayafi.

"Yaya Tela, na kasa haɗa ido da ke, shi ya sa ban zo ba tuntuni. Ki yafe min."

"Ya wuce, Mama. Ya aikin?"

"Wane aiki? An sake naɗi ban da ke, ƙarar tana nan daram. Yanzu ya ce Nas ce, 'yar ƙungiyarmu mai aiki a asibiti, tunda ita aka mayar layinki. Wai tana taɗa harshe. Baiwar Allah har ta daina shan shayi kafin waƙa. Kowa sai kallon bakin 'yar'uwarta take yi. Gobe Mai Shiri za ta zo, in ba a gyara ba ta janye aikin. Shi kuma ya ce gobe zai cire Nas."

Yaya Tela ta ajiye almakashi. "Ƙarfe nawa?"

"Goma na safe."

"A ajiye min wuri."

Goma saura ta hau benen, da tsohon bel a cikin jakarta. Ɗakin cike yake. Nas na tsaye a lungu, idonta ya kumbura. Mai Shiri na duba agogo. Da Injiniya ya ga Yaya Tela, sai ya haɗe rai.

"Yaya, ban kira ki ba."

"Ba ka kira ni ba. Ba kuma waƙa na zo yi ba. Alfarma ɗaya nake nema a gaban Mama da baƙuwarmu. In na faɗi, ba za ka sake ganin ƙafata a nan ba."

Mai Shiri ta ce, "Bar ta ta yi magana."

"Sabon naɗin nan, babu muryata a ciki, ko?"

"Babu."

"Ban kuma taɓa jin sa ba. To danna maɓallin ka riƙe, kada ka saki sai na ce."

Ta juya wa kwamfutar baya, ta fuskanci bango. Ya danna yana murmushin raini. Muryoyin suka taso. "Ƙas." Ba ta motsa ba, ƙafarta kawai ke taka ƙasa a hankali, kamar tana kan kekenta. "Ƙas." Ta ci gaba da takawa.

Sai ta ɗaga hannu ta tafa. Tafin da ƙarar suka faɗo tare, kamar abu ɗaya.

Taku biyar, ta sake tafawa. Daidai. Ta sake. Daidai.

A na huɗu Uwar Ƙungiya ta shiga. A na biyar mata uku suka shiga. Kafin a kai na takwas, duk ɗakin tafi yake yi, har Mai Shiri, kowa na faɗawa kan ƙarar ba kuskure. Nas tana tafi tana hawaye.

Yaya Tela ta ce, "Saki." Ta juyo. "Ƙanina, ni ba boka ba ce. Ta yaya na san lokacin da harshen Nas zai motsa? Ta yaya duk muka sani?"

Ya kawar da kai.

"Tambaya ta biyu. Ranar naɗi, sakan nawa kowace ta rera?"

Ya ce can ƙasa-ƙasa, "Kamar takwas."

"Yanzu ka riƙe kusan minti guda. Ina ka samo sauran?"

"Ai... maimaitawa yake yi. In ya kai ƙarshe sai ya koma tsakiya."

"Wa ya yanka inda yake komawar?"

Gumi ya keto masa, alhali yau fanka na aiki. Ya juya ga kwamfutar, ya buɗe hoton sautin, ya yi ta faɗaɗa shi har layin ya cika allon. Ko wanda bai san komai ba zai gani. Layin na tafiya lanƙwasa-lanƙwasa, sai a wuri ɗaya ya katse a sama, ya ci gaba daga ƙasa, kamar matakalar bene. Ashe wuri ɗaya ya auna a muryar sama, ya ga ya yi, ya kwafa wa duk sauran maɓallan ba tare da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. A sama abin ya ɓuya. A ƙasa ya fito fili.

Mai Shiri ta miƙe, ta rataya jaka. "Mako biyu kana ɓata min lokaci, kana zubar wa iyayenka mutunci, ashe hannunka ne. Na fasa."

Nan ne fa Yaya Tela ta ba ni mamaki. Ni da ni ce, wallahi sai in ce Allah ya ƙara. Ita kuwa sai ta tare ƙofa.

"Ranki ya daɗe, dakata. Aikin nan na mata goma sha biyu ne, ba nasa shi kaɗai ba. Kuma yaron ya iya aiki, gaggawa ce da girman kai suka ci shi. Ba mu rabin awa."

Ta ciro bel ɗin daga jaka, ta ɗora a teburinsa, kusa da piyanon.

"Duba nan. In na haɗa baki da baki, kai tsaye, dole ya yi ƙara. In ina son ya yi shiru, sai in fere wannan bakin a karkace, in fere wancan a karkace, in ɗora ɗaya kan ɗaya in ɗinke. Wannan na sirancewa, wancan na kauri. Ƙafar keke ba ta ma sanin ta wuce mahaɗi. Kwamfutarka ba ta iya haka?"

Ya daɗe yana kallon igiyar fatar nan. Sannan ya ce, "Tana iyawa, Yaya. Tun shekarar farko aka koya mana."

"To bismilla."

Ya zauna. Ya matsar da wurin yankan, ya sa ƙarshen yana dusashewa yayin da farkon ke tasowa a cikinsa. Bai kai minti goma ba. Ya danna, ya riƙe. Mata suka ɗaga hannu suna jiran wurin tafi. Taku biyar, shiru. Goma, shiru. Muryoyin suka yi ta tafiya sumul.

Mai Shiri ta saurara, ta karkata kai. "Ƙarar ta tafi. Amma wannan bai kai na farkon cika ba. Kamar an cire masa ƙasa."

Uwar Ƙungiya ta ce, "Ai an cire. Ga ta nan tsaye."

Injiniya ya buɗe naɗin farko, mai muryar Yaya Tela, ya yi masa gyara iri ɗaya. Ya danna. Ɗakin ya cika har tagogi na amsawa. Minti guda cur ya riƙe, ba ƙas, ba ɗan'uwan ƙas. Haƙoran nan huɗu suna ciki, ba su ce komai ba.

Mai Shiri ta ajiye jakarta. "Wannan nake so."

Mata suka kaure da murna, Nas ta rungume Yaya Tela. Injiniya ya taso, ya zo gabanta ya durƙusa, abin da ba wanda ya taɓa gani.

"Yaya, na yi kuskure. Ki yafe min. Ga shi na gyara."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, ba kuma murmushi.

"Ƙarar ka gyara, ƙanina, cikin minti goma. Na gode. Amma abin da na raɗa maka a kunne, ka tashi ka faɗa wa ɗaki guda, wane maɓalli za ka danna ya koma?"

Ya dubi kwamfutarsa, ya dubi ƙasa. Babu maɓallin.

Ta ce, "Na yafe maka. Tashi. Amma a zauren da ka tura hujjarka, nan za ka tura wannan, da muryarka, ka wanke ni ka wanke Nas."

A take ya yi, a gabansu.

Da za su sauka, wata daga cikin matan ta matso ta riƙe hannunta. "Yaya, wallahi shekara shida ban taɓa lura ba. Sun yi miki kyau."

Yaya Tela ta ce, "To tunda asiri ya tonu, ku kalla da kyau, ku huta da satar kallo." Ta washe baki gaba ɗaya, ta yi dariyar da rabonta da yi tun kafin hatsarin, ba hannu, ba mayafi.

Ranar da shirin ya fara fita, mijinta ya zo shago da 'yar rediyonsa, ya ajiye a benci. Da muryoyin suka taso, ya kasa kunne, ya nuna rediyon da yatsa.

"Ga ki nan a ƙasa, Maman yara. Ke kike ɗauke da su duka."

Ƙafarta na kan keke, tana bin waƙar da baki buɗe.

Darasi: Kafin ka ɗora wa wani laifi, koma ka binciki aikin hannunka, domin sau da yawa ƙarar da kake nema a bakin mutane daga wurinka take fitowa. Kada ka raina mai yi maka gyara don sana'arsa ba irin taka ba ce. In an ɗora maka abin da ba ka yi ba, kada ka tsaya ga kuka, tashi ka nemi hujja, ka yi ta komawa har a saurare ka. Sannan ka riƙe sirrin da aka ba ka amana, don kuskuren aiki yana gyaruwa, amma maganar da ta fita ta fita ke nan. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila akwai wata Yaya Tela da ta yi shiru a wani wuri, tana bukatar ta karanta wannan yau.